Yadda za ka kulle Wi-Fi ɗin gidanka daga masu kutse

Kwanakin baya ƙanwata ta kira ni ranta a ɓace. "Yaya, datar wata guda muka saka, ga shi ko kwana 10 ba ta yi ba ta ƙare." Da na je gidan na buɗe shafin saitin rautar, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, sai na tarar da wayoyi 11 a haɗe, alhali mutanen gidan su 4 ne. Kalmar sirrin kuwa lambar wayar maigidanta ce, wadda duk mutanen layin suka sani.

Shanye data ma da sauƙi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, wanda ya shiga Wi-Fi ɗinka, idan ya samu ƙofar saitin rautar a buɗe, zai iya karkatar da kai zuwa shafin bogi mai kama da na bankinka. Gyaran nan ba ya wuce rabin awa, kuma da wayar hannunka za ka yi shi.

Da farko ka san cewa rauta makulli biyu gare ta, yawancinmu kuwa ɗaya muka sani. Akwai kalmar sirrin da ake ba mutum ya hau intanet, akwai kuma ta shiga saitin na'urar kanta. Juya rautar ka duba takardar da ke manne a ƙarƙashinta. Idan MiFi ce, wato 'yar ƙaramar rautar nan mai batir, sau da yawa sai ka cire murfin batir. Za ka ga adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na'urorin Huawei kuma galibi 192.168.8.1. Haɗa wayarka da Wi-Fi ɗin, ka buɗe burauza, ka rubuta lambobin nan a inda ake rubuta adireshin shafi.

Zai nemi suna da kalmar sirri. A na'urori da yawa duka biyun "admin" ne, haka suka fito daga masana'anta. Wannan shi za ka fara canjawa tun kafin ka taɓa komai. Kada ka ɗauke shi wasa: a shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, ba da wata dabara mai zurfi ba, sai da gwada kalmomin sirrin masana'anta kusan 60. Da waɗannan na'urori aka kai harin da ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix a watan Oktoban shekarar. Masu na'urorin ba su ma san ana aiki da kayansu ba.

Mataki na gaba, nemi sashen da aka rubuta Wi-Fi ko Wireless, ka duba nau'in tsaron. Idan ka ga WEP, sauya shi nan take, domin tun 2001 aka gano lagonsa, yau kuwa cikin 'yan mintoci ake ɓalle shi. Zaɓi WPA3, wanda ya fito a 2018, in rautarka tana da shi. In babu, WPA2 tare da AES ya wadatar. Wasu tsofaffin wayoyi ba sa hawa WPA3. In ka ga haka, akwai zaɓin da ya haɗa biyun.

Yanzu sai kalmar sirrin Wi-Fi ɗin, kuma a nan ne nake son ka ɗan tsaya. Mai kutse ba ya buƙatar ya tsaya a ƙofar gidanka yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Yana iya naɗar 'yar musayar saƙon da wayarka ke yi da rauta lokacin da take haɗuwa, ya tafi da ita ɗakinsa, ya bar kwamfuta tana gwada miliyoyin kalmomi. Shi ya sa lambar waya ba ta da amfani ko da ba wanda ya san ta: lambobi 11 ne, kuma farkonsu sananne ne, 080 ko 081 ko 070 ko 090, ragowar ba ya ba kwamfuta wahala. Haka sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa. Tsarin yana karɓar haruffa daga 8 har zuwa 63, to me zai sa ka tsaya a 8? Haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, misali tulu, raƙumi, gyaɗa, fitila, ka cusa lamba da alama a tsakaninsu. Ga tsawo, ga sauƙin tunawa. Kada ka yi amfani da waɗannan da na kawo, ka nemi naka. Da zarar ka adana, Wi-Fi zai yanke a duk wayoyin gidan, sai kowa ya sake shiga da sabuwar kalmar. Masu shan datarka a ɓoye kuwa a nan za su tsaya.

Sannan ka kashe WPS. An yi shi ne don a riƙa haɗa na'ura cikin sauƙi da lamba mai alƙaluma 8, amma a ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta tana duba lambar ne gida biyu, don haka gwaji kusan 11,000 ya isa a gano ta. Idan kuma ka ga zaɓin sarrafa rauta daga nesa, wanda ake rubuta Remote Management, shi ma kashe shi.

Saura batun baƙi da maƙwabta. A al'adarmu da nauyi ka hana maƙwabci ko ɗan'uwa abin da ya roƙa, ni ma ba na cewa ka hana. Amma ka san cewa daga Android 10 zuwa sama, duk wanda ka sa wa kalmar sirri zai iya fito da ita a matsayin hoton QR ya nuna wa abokinsa. Akwai kuma manhajojin neman Wi-Fi kyauta da ke tura kalmomin sirrin da ke cikin waya zuwa rumbunsu. Idan rautarka tana da layin baƙi, wato Guest, kunna shi da kalmarsa daban, ka riƙa canja ta lokaci-lokaci, babban layin kuma ya zama na mutanen gida kaɗai.

Ɓoye sunan Wi-Fi da wasu ke ba da shawara, a ganina ɓata lokaci ne, domin kayan aikin masu kutse suna ganinsa. Gara ka riƙa leƙa sashen sabunta manhajar rautar, da jerin na'urorin da ke haɗe, ko sau ɗaya a wata.

In ka shiga ka tarar kalmar saitin ba ta buɗewa, alhali ba kai ka canja ta ba, nemi ɗan ramin da aka rubuta Reset, ka danna shi da tsinke na kimanin daƙiƙa 10. Komai zai koma yadda ya fito daga masana'anta, sai ka faro daga canja "admin".