Kurakuran da ke hana tsayuwa wuri guda a kan keke mai taya ɗaya

Mafi yawan masu koyo suna ɗauka tsayuwa wuri guda daskarewa ce, sai su sandare jiki su jira, nan take kuma su faɗi. Taya ɗaya ba ta riƙe mutum in ta tsaya cak. Aikin kai da komo ne. Tayar ta ɗan gangara gaba, ta dawo baya a ƙarƙashinka, kanka da kafaɗunka kuma suna nan inda suke, kamar lilon da aka ɗaure daga sama. Ƙafar da ka fi amincewa da ita ce za ta kasance a fedar ƙasa. Fedar na haurawa gefe ɗaya sai ka danna ta, ta ratsa ƙasa ta haura ɗaya gefen, ka sake dannawa. Kada ka bari fedojin biyu su zo daidai da juna a kwance, domin daga nan tayar kan zarce ta kuɓuce maka.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne tsayawa a kan feda maimakon zama. Tsoro ne ke kawo shi. Da zarar nauyi ya bar sirdi, ƙafafun biyu sai su shiga kokawa da juna, ta sama tana danne abin da ta ƙasa ke son motsawa, cinyoyi su ɗau zafi tun ba a je ko'ina ba. Zauna sosai, ka saki nauyinka a sirdi. Ƙafar sama a ɗore kawai take, bin feda take yi, ba ta turawa. In ka ji cinya ta fara ƙuna, to ka tashi daga sirdi ba ka sani ba.

Sau da yawa ma laifin sirdin ne, an sa shi ƙasa ainun. Ɗora diddige a feda tana can ƙasa. Ya kamata ƙafar ta kusa miƙewa sarai. Taya mai inci 20 ta fi sauƙin koyo, a cika ta da iska yadda aka rubuta a jikinta, don mai laushi kan manne wa ƙasa ta ƙi juyawa. A duba fedojin kuma: mai alamar L a hagu, mai R a dama. In an juya keken baibai, gabansa ya koma baya, suna kwancewa da kansu.

Faɗuwa gefe fa? Kaɗa hannu kaɗai ba ya maganinta. Murɗa ƙugu za ka yi, ka karkata tayar ta nufi inda kake faɗuwa, ta shiga ƙarƙashinka. Wannan ba ya yiwuwa ga mai kallon taya, saboda sunkuyar da kai na tura ƙugu baya. Kafa ido a wani abu daidai tsayin fuskarka.

Bango na taimakawa, amma masu rungumarsa jingina suke koyo. Tsaya da shi a gefenka, yatsu kawai ke taɓa shi, kana ɗaga su lokaci-lokaci. Daga nan ka gwada a fili: tafi gaba a hankali, tsaya, koma baya sau ɗaya, ci gaba da tafiya. In wannan ya zauna, ka mai da shi biyu, sannan uku. Minti 15 kullum ya fi awa biyu a rana ɗaya. Ka fara horar da ɗaya ƙafar tun da wuri, kafin ta farkon ta yi mata nisa.