Darasi na Tara: Akwatin Ajiyar Hotuna da Takardu a Cikin Gida

A gidaje da yawa na Damagaram, tun daga Birni har Zango da Sabon Gari, duk abin da iyali suka mallaka na hotuna da muryoyi da takardu yana cikin wayar salula ɗaya ko biyu. A can hotunan suna da na biki suke, a can hoton takardar haihuwar yara da katin ɗan ƙasa da takardar fili suke, kuma ɗan kasuwa a can yake riƙe lissafin bashin da yake bin mutane. Ranar da wayar ta faɗa ruwa, ko aka zare ta daga aljihu a cunkoson Kasuwar Dole, ko katin ajiyarta ya lalace, dukkansu sun salwanta a lokaci guda. Wannan darasi zai nuna muku yadda iyali za su riƙa ajiye kwafin waɗannan abubuwa a wata na'ura mai sauƙin kuɗi wadda take zaune a cikin gida, da yadda mutanen gidan za su yi amfani da ita tare.

Mene ne wannan akwati

Masu sayar da kayan kwamfuta suna kiransa NAS. Ƙaramin akwati ne wanda tsawonsa bai kai santimita 25 ba, a cikinsa akwai gurbin faifan ajiya ɗaya ko biyu, da ƴar fanka a bayansa. Ba shi da allo ko madannai. Ana haɗa shi da na'urar wifi ta gida da igiyar kebul, daga nan duk waya ko kwamfutar da ke kan wannan wifi za ta iya zuba masa fayil ko ta ɗauko. Aikinsa aikin rumbu ne a tsakar gida: kowa ya kawo ya zuba, kuma ba a ɗiba sai da izinin mai riƙe da mabuɗi.

Abin da zai fi faranta wa mai lissafin kuɗi rai shi ne, tura hoto daga waya zuwa akwatin ba ya cin mega ko ɗaya, domin fayil ɗin bai fita daga gidan ba, ta cikin na'urar wifi kawai ya bi. Ko da kuɗin intanet ya ƙare, ajiya tana ci gaba. Kwamfutar da aka haɗa da kebul tana iya tura giga ɗaya cikin daƙiƙa 10 ko makamancin haka, amma ta wifi yakan ɗan jinkirta.

Kafin a fitar da kuɗi

Kamfanonin da suka shahara da ƙera irin wannan akwati sun haɗa da Synology da QNAP na ƙasar Taiwan, da TerraMaster na Sin. Daga cikin masu rangwame akwai DS223j na Synology mai gurbi biyu, wanda ya fito a shekarar 2023. Galibinsu fanko ake sayar da su, faifai daban ake saye, kuma kuɗin faifai biyu yakan kai na akwatin, wani lokaci ma ya zarce. Saboda haka tambayar farko a shago ita ce: "Alhaji, wannan kuɗin da ka faɗa, har da faifai ne ko akwatin kaɗai?"

Girman faifai da tera ake auna shi. Tera ɗaya giga 1,000 ce, kuma idan kowane hoto ya kai mega 5, tera ɗaya za ta ɗauki hotuna wajen 200,000. Bidiyon biki ne yake saurin cika wuri, ba hotuna ba. Akwai faifan da aka yi musamman don su kwana suna aiki, irin su WD Red da Seagate IronWolf, kuma su suka fi dacewa. Wanda zai sayi faifai na hannu, ya nemi a jona shi a kwamfuta a nuna masa awannin da ya yi yana aiki, domin kowane faifai yana riƙe da wannan lissafi a cikinsa. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, saboda haka faifan da ya nuna awa 30,000 ya haura shekara uku yana juyawa, kuma a ganina bai cancanci a ba shi amanar takardun gida ba.

Ku duba bayan na'urar wifi ɗinku tun kafin ku je shago. Ƙananan na'urorin aljihu masu cin katin waya yawancinsu ba su da ramin kebul, alhali akwatin da kebul yake aiki.

Idan akwatin mai gurbi biyu ne, a wurin saiti a zaɓi tsarin da ake kira RAID 1, wanda yake rubuta kowane fayil a faifan biyu a lokaci guda. Faifai biyu masu tera 4 kowanne za su ba ku wurin tera 4 ne kawai, ba 8 ba. Wasu suna ganin wannan asara ce, amma ranar da ɗaya ya mutu, akwatin zai yi ƙara, fitilarsa ta canja launi, a sa sabo a gurbinsa, kuma babu abin da ya ɓata. Ku sani cewa saitin farko yana goge duk abin da ke cikin faifan da aka saka, don haka a kwashe abin da ke cikin tsohon faifai tukuna.

Wuta da zafi da ƙura

A nan ne ya kamata mutumin Damagaram ya fi natsuwa, domin an ƙera waɗannan na'urori ne da tunanin ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa. Cin wutarsu kaɗan ne, wajen wat 15 zuwa 20 lokacin aiki, wato kilowat-awa 11 zuwa 14 a wata idan ba a kashe shi ba dare da rana, kuma gidan da ke da farantin hasken rana da batir zai ɗauke shi ba tare da wahala ba. Haɗarin yana wurin ɗaukewar wuta ba zato, domin idan ta yanke yana tsakiyar rubutu, fayil yana iya lalacewa, yawan faruwar hakan kuma yana gajarta kwanan faifai. Maganinsa shi ne ƙaramin akwatin batir mai riƙe wuta na ƴan mintuna, irin wanda ake jona wa kwamfutar ofis. A nemi mai igiyar USB, domin ta wannan igiya yake sanar da akwatin ajiya cewa wuta ta tafi, shi kuma ya rufe aikinsa a tsanake. Wanda kuɗinsa bai kai ga duka biyu ba, gara ya rage girman faifai da ya bar wannan batir.

Synology ta rubuta cewa iyakar zafin da akwatinta yake jurewa digiri 40 ne, kuma kowa ya san cewa a watannin Afrilu da Mayu zafin rana a nan yakan wuce haka, balle a ɗakin da aka rufa da kwano. A ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, a kan tebur, nesa da taga, a bar fili a bayansa domin iska ta fita. A cikin saitinsa akwai wurin tsara lokacin kunnawa da kashewa, saboda haka a bazara ana iya sa shi ya tashi bayan sallar isha'i ya kwanta da hantsi. Akwai al'adar lulluɓe talabijin da rediyo da ƙyalle saboda ƙura, kuma al'ada ce mai kyau, amma kada a lulluɓe wannan akwati yana kunne, domin zafi zai taru a cikinsa. A lokacin hunturu, idan kun leƙa bayansa za ku ga jar ƙura ta manne a fukafukan fanka. A kashe shi, a zare wuta, a share da busasshen buroshi mai laushi.

Rabon wuri tsakanin mutanen gida

Kowane babba a gidan a buɗe masa sunansa da kalmar sirrinsa, da jakarsa wadda shi kaɗai yake gani. Uwargida da amarya kowace tana da haƙƙin sirrin hotunanta, kuma kiyaye wannan tun farko yana hana ɓacin rai. Sai a buɗe jaka ɗaya ta gida duka domin hotunan sallah da karatuttukan malamai da darussan yara. Yara a ba su izinin kallo kaɗai, ban da gogewa, kuma a kunna kwandon shara na kowace jaka, domin abin da aka goge bisa kuskure ya tsaya a can. A kowace waya a sa manhajar kamfanin akwatin, a umarce ta ta riƙa tura sababbin hotuna da kanta duk lokacin da wayar ta hau wifi na gida. Haka ya fi turawa ta WhatsApp, wanda yakan matse hoto ya rage ingancinsa.

Ƴan'uwa da ke Yamai ko Agadas ko Kano za su so su riƙa leƙowa daga nesa. Ana iya yin haka, amma kada a yi gaggawa. A watan Janairun 2022 wasu ɓarayin intanet sun kulle dubban akwatunan QNAP da aka bari a buɗe ga intanet da wata muguwar manhaja mai suna DeadBolt, suka nemi kuɗin fansa kafin su buɗe. Mai koyo ya bar wannan ƙofa a rufe, ya sa doguwar kalmar sirri, ya kuma riƙa sabunta manhajar akwatin.

Akwatin kaɗai bai isa ba

Wasu da zarar hotuna sun shiga akwati sai su goge na waya domin su sami wuri, suna ganin sun yi ajiya, alhali sun mayar da abin kwafi ɗaya ne a wani wurin daban. Faifai biyu suna kare ku daga mutuwar faifai ɗaya kawai. Gobara ko ɓarawo ko ruwan damina da ya rusa ɗaki zai tafi da su tare. Ƙa'idar da masana ajiya suke bi ita ce kwafi 3, a kan na'urori iri 2, kuma 1 daga ciki ya kasance a wajen gida. Hanya mai sauƙi ita ce a sayi ƙaramin faifan USB, a jona shi a jikin akwatin sau ɗaya a wata a kwafe komai, sannan a kai shi gidan ɗan'uwa amintacce a wata unguwa ko a Mirriya. Takardu masu muhimmanci, tun da ba su da nauyi, ana iya ƙara ajiye su a giga 15 da Google take bayarwa kyauta.

Aikin da za ku yi kafin zama na gaba shi ne, kowa ya buɗe wayarsa ya duba giga nawa hotuna da bidiyo suka ci, ya tambayi sauran masu waya a gidansa, ya haɗa jimillar a littafinsa. Wanda ya riga ya mallaki akwatin kuma, ya zaɓi hoto ɗaya da aka ajiye tun watan jiya, ya ɗauko shi daga akwatin zuwa wata wayar daban, ya buɗe ya tabbatar ya fito daidai, sannan ya rubuta ranar da ya yi wannan gwaji.