Yadda Ake Tattara Tarihin Tsofaffin Mashayun Ɗalibai Daga Bakin Waɗanda Suka Zauna a Cikinsu

Kowace jami'a tana da taskar da take adana sunayen waɗanda suka yi karatu a cikinta, da sakamakon jarrabawarsu, da jawaban da shugabanninta suka yi a ranakun yaye ɗalibai, amma da wuya a sami wadda ta ajiye wani abin kirki game da inda ɗaliban suke taruwa bayan an rufe azuzuwa. A Amurka da Birtaniya, wuraren taruwar nan galibi mashayu ne, wasu a cikin ginin ƙungiyar ɗalibai, wasu kuma a kan titin da ya bi ta ƙofar jami'a, kuma da yawa daga cikinsu an rushe su ko an mayar da su shaguna da ofisoshi. Abin da ya rage shi ne abin da ke cikin kawunan mutanen da suka manyanta, kuma su ma kullum raguwa suke yi. Ba sai mutum ya yarda da shan giya ba kafin ya ga amfanin wannan aiki, domin a irin waɗannan ɗakuna aka ƙulla abota da aure, aka kafa ƙungiyoyin makaɗa, aka shirya zanga-zanga, aka kuma lalata rayuwar wasu, kuma duk wannan tarihi ne.

Abu na farko shi ne a taƙaita fagen aikin. A zaɓi mashaya guda, ko titi guda, sannan a ware shekaru huɗu zuwa shida. Dalili kuwa shi ne, jama'ar jami'a suna sauyawa gaba ɗaya cikin shekara huɗu a Amurka, ko uku a yawancin jami'o'in Ingila, saboda haka wanda ya yi karatu a 1974 da wanda ya yi a 1986 za su iya ambaton suna ɗaya alhali wurare biyu dabam suke nufi, masu shi daban, kiɗansa daban, masu shigarsa ma daban.

Kafin a zauna da kowa, a zana jadawalin dokokin da suka shafi wurin shekara bi shekara. Wannan mataki ne da mutane suka fi tsallakewa, ni kuwa ina ganin ya fi duk sauran muhimmanci, domin tsohon ɗalibi yakan manta shekarar da abu ya faru, amma ba ya mantawa ko an tambaye shi katin shaida a bakin ƙofa ko ba a tambaye shi ba. A Amurka, bayan gyaran kundin tsarin mulki na 26 ya sauko da shekarun jefa ƙuri'a zuwa 18 a 1971, kusan jihohi 30 sun rage shekarun sayen giya a farkon shekarun 1970, wasu zuwa 18, wasu zuwa 19 ko 20. Daga baya, saboda yawan haɗuran mota da matasa ke yi a buge, aka juya akalar. A watan Yuli na 1984 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta tanadi cewa duk jihar da ba ta mayar da shekarun zuwa 21 ba za a zaftare mata har kashi 10 cikin 100 na kuɗin gina manyan hanyoyi da gwamnatin tarayya ke ba ta. Jihar Dakota ta Kudu ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba gwamnatin tarayya gaskiya a 1987, kuma a 1988 jihar Wayomin, wadda ita ce ta ƙarshe, ta bi sahu. Ma'anar wannan ga mai tattara tarihi ita ce, a tsakiyar shekarun 1970 ɗan aji ɗaya yana iya shiga mashaya da gabansa gaɗi a jihohi da dama, amma a 1990 yawancin masu digiri na farko ba su da wannan izini, sai taron ya koma gidajen haya da ɗakunan ƙungiyoyin samari, aka kuma shiga zamanin katin shaida na jabu. A lura cewa kowace jiha da ranarta, wasu sun ƙyale waɗanda suka riga suka cika tsohuwar shekarar su ci gaba, wasu kuma sun daɗe suna barin ɗan shekara 18 ya sayi giya marar ƙarfi mai barasa kashi 3.2 cikin 100 kaɗai. Irin wannan giya ce aka fara sayarwa a 1933 a ɗakin Rathskeller na ƙungiyar ɗaliban Jami'ar Wiskonsin da ke Madison, shekara biyar bayan buɗe ginin.

A Ingila alamomin daban ne, tunda can shekara 18 ce iyaka, shi ya sa ma ƙungiyoyin ɗalibai suke gudanar da mashayunsu da kansu. Abin da ya sauya shi ne lokaci da hayaƙi. Har zuwa 1988 doka tana tilasta wa gidajen giya su rufe na 'yan sa'o'i da rana, kuma har zuwa Nuwamba 2005 ƙarfe 11 na dare ne lokacin tashi a yawancinsu, sannan a ranar 1 ga Yuli 2007 aka hana shan taba a cikinsu, bayan Sikotilan ta riga ta hana tun Maris 2006. Idan wani ya ce yana tuna yadda rigarsa ke warin taba da safe, to an san labarinsa bai wuce wannan rana ba. Haka nan aljihun ɗalibi ya sauya, domin wanda ya yi karatu da tallafin gwamnati a shekarun 1970 ba ɗaya yake da wanda ya shiga bayan an kawo bashin ɗalibai a 1990 da kuɗin makaranta a 1998 ba.

Daga nan sai takardu. Jaridar ɗalibai ta fi komai amfani, musamman shafukan talla, inda ake samun sunan wuri da adireshinsa da daren da ake kiɗa da sunayen makaɗan. Littafin hotunan da ake bugawa a ƙarshen kowace shekara yana taimakawa wajen gane fuskoki, tsofaffin kundayen lambobin waya suna nuna shekarar da suna ya bayyana da shekarar da ya ɓace, rajistar lasisi ta hukumar gari kuma tana nuna lokacin da wuri ya sauya hannu.

Wajen zaɓen waɗanda za a yi hira da su, a yi hattara da masu kawo kansu. Wanda ya fi ɗokin ba da labari sau da yawa shi ne wanda ya fi maimaita shi a tarukan tsofaffin ɗalibai, har labarin ya goge ya yi santsi kamar dutsen rafi, babu sauran ƙaiƙayi a jikinsa. A saurare shi, amma a nemi waɗanda suka yi aiki a wurin: mai zuba abin sha, da mai tsaron ƙofa, da mai shara da safe, da makaɗin da aka biya, domin su ne suke cikin hayyacinsu lokacin da sauran ba sa ciki, kuma sun ga zubi-zubi na ɗalibai sun zo sun wuce. A nemi maƙwabcin da hayaniya ta hana shi barci. A nemi ɗaliban da ba sa sha saboda addini ko rashin kuɗi ko ra'ayin kansu, a tambaye su inda suke zama, domin ɗakin shan kofi da gidan rediyon jami'a da zauren nuna fim duk suna cikin daren jami'a. Mata da suka yi karatu a Amurka kafin ƙarshen shekarun 1960 za su ba da labarin dokar komawa ɗakin kwana a kan lokaci da littafin sa hannu a bakin ƙofa, dokar da galibi ba ta hau kan maza ba. Baƙaƙen fata da suka shiga jami'o'in kudancin ƙasar, kamar ta Jojiya a 1961 da ta Misisifi a 1962, suna iya gaya wa mai tambaya waɗanne ƙofofi ne ba su taɓa shiga ba, ko kafin dokar 'yancin jama'a ta 1964 ko ma bayanta. Tarihin da aka ɗauko daga bakin waɗanda suka ji daɗin wurin kaɗai rabin tarihi ne.

A lokacin hirar kanta, kada a buɗe da tambayar yadda zamanin yake, domin amsar da za a samu ita ce zamanin ya fi na yanzu, kuma kowane tsoho haka yake cewa. A miƙa wa mutum farar takarda da alƙalami, a roƙe shi ya zana ɗakin: ina ƙofa take, ina teburin da ya saba zama, ina akwatin kiɗan da ake jefa wa tsabar kuɗi, ina wayar bango take rataye. Tunanin ɗan Adam ya fi riƙe wuri a kan kwanan wata, kuma da zarar hannu ya fara zane sai a ga sunaye da fuskoki suna fitowa da kansu. Sannan a bi shi da tambayoyi ƙanana masu kama ƙasa. Ta wace hanya kake bi daga ɗakin kwana, da wa kuke tafiya? Tunda babu wayar hannu, yaya kake sanin inda abokanka suke? Wa ke biya idan kuɗi ya ƙare? Me ke faruwa idan an kunna fitilun tashi? Yaya ake komawa gida? Tambayar wayar tana buɗe baki ƙwarai, domin kafin wayar hannu ta yaɗu, kafin kuma a kafa Facebook a 2004, mashayar ita ce allon sanarwa, mutum yakan je ne don a can kaɗai yake da tabbacin samun jama'arsa. Idan mai magana ya yi shiru, a bar shi da shirunsa, kada a yi gaggawar cike gurbin da wata tambaya. A fara ganin kowa shi kaɗai kafin a haɗa su, saboda a cikin taro mai babbar murya yakan shafe abin da sauran suke tunawa, har su koma suna gyaɗa masa kai a kan abin da ba su gani ba.

Dole ne a san cewa labarin mashaya ya fi kowane irin labari saurin kumbura. Barasa tana hana ƙwaƙwalwa ajiye sabon abu yadda ya kamata, sai mutum ya cike gurbin da abin da abokai suka gaya masa washegari, bayan shekara talatin kuma ya rantse da idonsa ya gani. Ko manyan masana ba su tsira ba. An daɗe ana ba da labarin cewa a ranar 28 ga Fabrairu 1953 Francis Crick ya shiga mashayar Eagle da ke Kambirij ya shelanta cewa shi da James Watson sun gano sirrin rayuwa, wato tsarin ƙwayar halitta ta DNA, har aka kafa allon tunawa a jikin ginin, amma labarin daga bakin Watson ya fito, Crick kuwa ya ce shi bai tuna ya faɗi haka ba. Saboda haka idan mutum biyu suka saɓa, kada a zaɓi wanda labarinsa ya fi daɗi. A koma ga jadawalin dokoki da tallan jarida, abin da takarda ta warware a rubuta shi a warware, abin da ba ta warware ba a kawo maganar kowa da sunansa ko laƙabinsa. Kuma kada a ƙaryata dattijo a gabansa, ya isa a ce masa an ga wata shekara daban a jarida, a ji abin da zai ce.

Akwai ɓangaren da ba a dariya a cikinsa, kuma zai fito ko ba a nema ba: abokin da ya mutu a hanya, da wadda aka ci wa zarafi, da wanda shan da ya fara a aji ɗaya ya bi shi har ya raba shi da aiki da iyali. Idan hira ta kai nan, a tambayi mai magana ko yana son a tsayar da na'ura, kuma a ba shi damar janye wannan sashe daga baya. A samu izininsa a rubuce tun farko, takardar ta fayyace inda za a ajiye muryar da wanda zai iya saurarenta. Mutanen da aka ambata a cikin labari ba su ba da izini ba, da yawansu suna raye da 'ya'ya da jikoki, don haka duk inda aka jingina wa wani laifi ko abin kunya a cire sunansa kafin a wallafa.

Batun kayan aiki ba shi da wahala. Wayar hannu ta isa idan ɗakin shiru ne, sai dai a naɗi sautin a tsarin WAV, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba ya rage ingancin murya, a faɗi ranar da wurin da sunan mai magana a farkon naɗin, a kuma ajiye kwafi uku a wurare daban-daban. Idan wani ya kawo tsohon kaset, kada a saka shi a kowace rikoda da aka samu, domin zaren da ya shekara arba'in yana iya tsinkewa a juyin farko, gara a kai wa masu mayar da shi na kwamfuta. Hotuna kuma a ɗauki gabansu da bayansu, saboda sau da yawa a baya ake samun kwanan watan da gidan wankin hoto ya buga. Tun 1948 da masanin tarihi Allan Nevins ya kafa ofishin tarihin baka a Jami'ar Kolombiya, ɗakunan karatu na jami'o'i da yawa suna karɓar irin wannan ajiya, kuma yana da kyau a tuntuɓi ma'aikacin taskar kafin a fara hira ta farko, domin kowace taska tana da takardar izinin da take amincewa da ita, kuma komawa neman sa hannun mutum ashirin bayan an gama aiki ya fi wuya fiye da karɓarsa a ranar hira.