Yadda ake loda taswirar tudu da kwari a na'urar GPS kafin shiga karkara

Da zarar ka fito daga Zariya, ka bar kwalta a wajen Soba ko Giwa ka kama burji, sabis zai fara ɗauke ƙafa, taswirar wayarka ta koma farin allo. Na'urar GPS ba ruwanta da sabis, kai tsaye take karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam. Sai dai taswirar da yawancinsu ke zuwa da ita daga kamfani ba ta wuce manyan tituna da manyan garuruwa ba. Za ta nuna maka ɗigon da kake tsaye a kai, amma ba za ta faɗa maka cewa gabanka kwazazzabo ne ko fadama ba. Masu safiyo, masu haƙa rijiyar burtsatse, malaman gona da ɗalibai masu aikin fili, abin da suke buƙata shi ne taswira mai layukan tsayi (kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya), wadda ke nuna dutse da gangare da hanyar ruwa. Bayanin nan a kan na'urorin Garmin na hannu ne, irin su eTrex da GPSMAP 64 da Montana, don su aka fi gani a hannun mutane.

Kayan da za ka tanada

Kwamfuta, kebul mai ɗaukar bayanai, da memori ƙarami irin na waya. Kebul da yawa caji kawai suke yi: na'ura ta kawo wuta, kwamfuta ba ta gan ta ba, mutum ya yi ta zargin na'urar alhali laifin kebul ne. Memori kuwa ka sayi mai giga 8 ko 16, kada ya wuce 32. Wanda ya wuce haka yakan zo da tsarin jera fayiloli mai suna exFAT, na'urorin nan kuma FAT32 suka sani. Idan ka saya a PZ ko Sabon Gari, ka gwada shi tun kafin ka loda komai: cika shi da fayiloli, sannan ka buɗe waɗanda suka shiga a ƙarshe. Jabun memori yana karɓar kaya ba musu, sai an je daji ya nuna halinsa. Bayan gwaji ka yi masa fomatin zuwa FAT32.

Samo taswirar

Taswirorin kyauta da ake lodawa a Garmin, hanyoyi da sunayen garuruwan da ke cikinsu daga OpenStreetMap suke, wato taswirar da 'yan sa-kai ke zanawa. Layukan tsayi kuma yawanci daga awon SRTM ne, wanda jirgin sama-jannati na Amurka ya yi da rada a watan Fabrairun 2000, ɗigo ɗaya a kowace mita 30 ko makamancin haka. Sanin wannan yana da amfani, domin ingancin biyun ba ɗaya ba ne. Duwatsu da kwari suna nan inda aka auna su. Hanyar ƙauye kuwa sai in wani ya zana ta, don haka za ka ga cikin Samaru da Tudun Wada lungu-lungu a zane, amma ƙauyen da za ka je ko sunansa babu.

Shafin BBBike yana ba ka damar zana akwati a kan yankin da kake so, ka zaɓi tsarin Garmin, ka sa adireshin imel, a turo maka inda za ka sauke. Shafin OpenTopoMap ma yana da fayilolin Garmin da aka riga aka haɗa. Kada ka matse akwatin daidai inda za ka. In Kauru ko Lere ka nufa, haɗa har da Pambeguwa da Saminaka, saboda ruwa kan cinye gada da damina, dole ka yi zagaye. Wurin zaɓen tsarin rubutu ka ɗauki latin1, ka bar UTF-8, don wasu na'urorin suna ƙin buɗe na biyun. Sannan ka duba da kyau ko layukan tsayi suna cikin taswirar, domin sau da yawa a fayil daban suke zuwa, sai ka sauke duka biyun.

Sanya ta a memori

Abin da ka sauke a ƙunshe zai zo, cikin zip. Ka warware shi, ka nemo fayil mai ƙarewa da .img. Kada ka danna shi sau biyu. Windows za ta ɗauka faifai ne, ta ce ya lalace, alhali lafiyarsa lau. A farkon memorin, ba cikin wata folda ba, ka buɗe sabuwar folda mai suna Garmin, ka kwafe fayil ɗin a ciki.

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Tsofaffin na'urori, irin su eTrex Vista HCx da GPSMAP 60CSx, suna ɗaya tal suka sani: gmapsupp.img. Ka canza harafi guda, ba za su gan shi ba, kuma fayil ɗaya kawai suke ɗauka, don haka taswira da layukan tsayi sai an haɗe su wuri guda da manhaja irin GMapTool. Sababbi suna karɓar fayiloli da yawa, kowanne da sunansa, kamar zariya.img da tsayi.img. Windows kuma takan ɓoye ƙarshen sunan fayil, sai ka rubuta .img a kan wanda yake da shi, ya koma gmapsupp.img.img. Ka kunna nuna ƙarshen suna tukuna. Fayil guda ba ya wuce giga 4 a FAT32, amma taswirar yankinmu ba ta ko kusa da haka.

In ka jona na'urar kanta da kwamfuta, za ka ga wata foldar Garmin a cikinta mai ɗauke da gmapbmap.img. Wannan ita ce taswirar kamfani. Kwafe foldar gaba ɗaya ka adana a kwamfuta, kuma kada ka goge komai a ciki. Idan ka gama, ka sallami memorin daga kwamfuta yadda ya kamata kafin ka zare. A eTrex da GPSMAP 64 mazauninsa yana ƙarƙashin batir: ka zame ɗan marfin ƙarfen, ka ɗaga, ka kwantar da memorin gefensa mai ruwan zinare na kallon ƙasa, ka rufe ka zame har ya kama. Marfin da bai kama ba, girgizar babur a kan burji ta isa ta kwance shi, taswira ta ɓace a tsakiyar tafiya.

Kunna ta, ka gwada a gida

Kunna na'ura, ka shiga Setup, sannan Map, ka nemi wurin zaɓen taswira. Kunna sabuwar da layukan tsayinta, ka kashe sauran, don taswira biyu masu hanyoyi suna rufe juna. In ba ka ga layukan ba, ka matso kusa har ma'aunin allo ya kai mita 300 ko 500, ko ka ƙara yawan bayanan da take nunawa.

Kada ka amince da ita sai ka kai ta inda ka sani. Ja taswirar zuwa dutsen Kufena: ya kamata ka ga layuka sun cunkushe suna zagaye juna, domin inda suka matsu tsayi ne mai tsini, inda suka yi nesa da juna shimfiɗa ce. Bi kogin Kubanni ko na Galma, za ka ga layin da ya ƙetare ruwa ya lanƙwashe, bakinsa yana nuna inda ruwan ya fito. Sannan ka fita da ita ka tsaya a mahaɗar da ka sani, kamar Kwangila, ka ga ko kibiyarka ta hau kan titin. Kuskuren mita biyar zuwa goma ba komai ba ne. Ka kuma lura da tazarar da ke tsakanin layi da layi. In mita 20 ce ko 40, kwazazzabo mai zurfin mita uku ba zai fito ba, ga shi kuwa ya isa ya tsayar da mota.

Tsohuwar taswirar takarda

Masu tsofaffin taswirorin gwamnati na 1:50,000 su yi hattara da abu biyu. Tsayinsu da ƙafa aka rubuta, ba mita ba. Kuma an gina su a kan ma'aunin Minna, wato tsohon tushen da ake lissafa lambobin wuri daga kansa a Najeriya, na'ura kuwa a kan WGS 84 take zuwa. Ka karanta lambobi daga takarda ka shigar ba tare da ka mai da na'urar kan Minna ba, za ka kauce da gomman mitoci, wanda ga mai neman dutsen iyaka ko bakin rijiya ɓata ne. Masu aiki da UTM, tsarin da ke ba da lambobin wuri da mita maimakon digiri, su tuna Zariya tana shiyya ta 32 ta arewa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne tsarin rubuta digiri. In aka turo maka digiri 11.30, wanda yake daidai da digiri 11 da minti 18, ka shigar da shi a matsayin digiri 11 da minti 30, ka matsa da minti 12, wato kimanin kilomita 22 arewa da inda ake jiranka. Ka tambayi wanda ya turo tsarin da ya yi amfani da shi, ka saita naka daidai a Position Format.

Wuraren da ka san za ka buƙata, gidan mai na ƙarshe, asibiti, gidan dagaci, mashigar rafi, ka sa musu alama a BaseCamp, manhajar Garmin ta kwamfuta, ka fitar da su a fayil ɗin GPX, ka zuba a folda mai suna GPX a cikin foldar Garmin. Kada ka bar na'ura ta zaɓar maka hanya a karkara. Tana iya bi da kai ta turbar shanu. Halin tsaro ma ba ya cikin taswira, don haka ka tambayi direbobin tasha da mutanen gari kafin ka kama kowace hanya. Kunna ajiyar sawu, wato zanen hanyar da ka bi, tun daga ƙofar gida, domin shi zai dawo da kai ta inda ka shiga. Batir AA guda biyu suna kai eTrex wajen awa 25, GPSMAP 64 kuma wajen 16, in ka rage hasken allo. Ka riƙe huɗu a aljihu, kuma ka faɗa wa na'urar irin batirin da ka sa, alkalin ne ko mai caji, in ba haka ba ma'aunin wutar zai riƙa yi maka ƙarya.