Kurakuran da masu kiwo ke yi wajen yaƙi da awakin jeji a gaɓar tekun Ostiraliya ta Yamma

Duk wanda ya tashi a gidan da ake ɗaure awaki a turke da damina, don kada su shiga gonar maƙwabci, ya san abin da bakin akuya ke iyawa. To a ƙaddara akuyar da ba ta da turke, ba ta da mai ita, kakannin kakanninta ma ba su san igiya ba, tana yawo a filin kiwon da mota ke wuni ba ta zagaye shi ba. Haka lamarin yake a Ostiraliya. Awaki sun shiga ƙasar a 1788 tare da ayarin jiragen ruwan Ingila na farko. Daga baya masu haƙar ma'adinai da ma'aikatan layin dogo suka bazu da su cikin ƙasa don nono da nama, wasu suka tsere, wasu aka sake su da aiki ya ƙare. Yau ɓarnarsu tana cikin jerin manyan barazana ga tsirrai da namun daji a ƙarƙashin dokar kare muhalli ta tarayya ta 1999.

A gaɓar yamma, daga Kalbarri zuwa Shark Bay har Carnarvon, ruwan sama kaɗan ne, ƙasar yashi ce da farin dutse, gari kuma yana da nisa. Masu filayen kiwon tumaki da shanu a nan sun daɗe suna fama da awakin nan, kuma kurakuran da ake maimaitawa sanannu ne.

Babbansu shi ne ɗaukar kamun awaki don sayarwa a matsayin maganin matsalar. Ostiraliya ce kan gaba a duniya wajen fitar da naman akuya, Amurka ce babbar mai saye, kuma yawancin naman daga awakin jejin nan yake fitowa. Saboda haka idan farashi ya hau, kowa ya tashi babura da karnuka, a tattaro garke, a loda manya a mota zuwa mayanka. Ƙanana da ba su kai nauyin da mayanka ke karɓa ba sai a buɗe musu ƙofa su koma jeji, wai su ƙara girma. Idan farashi ya faɗi kuma, ba mai ƙona mansa a kansu. Wannan ai kiwo ne, sai dai ba a kira shi da sunansa ba. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, tana fara ɗauka tun ba ta shekara ba, tagwaye kuma ba baƙon abu ba ne gare ta. A shekara mai albarka garke na iya ƙaruwa da rabinsa: dubu su zama 1,500. Ke nan wanda ya kwashe 500 bai rage komai ba, ya dai koma inda ya faro. Gyaran shi ne mai fili ya yanke shawara tun farko, kiwon awaki yake so ko raba ƙasarsa da su. In kiwo ne, ya kewaye su da shinge mai ƙarfi, ya ƙidaya su cikin bakunan da filin ke ciyarwa. In rabuwa ce, to duk wadda ta shiga hannu ba ta komawa, musamman mata da 'yan ƙanana, kuma aikin ba ya tsayawa don kasuwa ta faɗi. Ni ban ga laifin cin ribar naman ba. Kuɗin ne ma ya kamata ya biya sauran aikin da ba ya kawo ko sisi.

Kuskure na biyu ya shafi ruwa, kuma nan ne ya kamata a fi tsayawa. Abin da ya ba awaki damar mamaye busasshiyar ƙasa irin wannan shi ne rijiyoyin burtsatse da kwamin ruwa da aka kafa wa tumaki. Ruwan da ya raya su shi ne kuma tarkon da ya fi kama su. Ana kewaye wurin shan da shingen waya, a bar ƙofa guda mai sandunan ƙarfe da suka karkata ciki kamar bakin mazurari: akuya ta tura ta shige, in ta juyo sai tsinin sandunan ya tare ta. Wasu kuma tudu suke yi, ta hau ta dira ciki, ta kasa hawowa.

Mai gaggawa yakan kafa tarkon yau ya ɗana shi yau. Awakin jeji kuwa suna da tsoro. Za ka ga garke ya iso da la'asar, ya tsaya nesa, tsohuwar akuyar da ke gaba ta ɗaga kai tana shaƙar iska, ta dubi sabon ƙarfen nan, ta juya, sauran su bi ta. Dole a bar ƙofofin shiga da fita a buɗe kwanaki, su saba, sannan a riƙa matse ƙofar kaɗan-kaɗan har ranar da za a rufe ta fita. Dole kuma a toshe sauran wuraren sha na kusa, in ba haka ba can za su koma. A bakin teku wannan ya fi wuya, domin akwai 'yan idanun ruwa da ke tsattsafowa a gindin duwatsu, akuya kuma tana jure ruwa mai ɗan gishiri. Wanda bai taka da ƙafa ya nemo waɗannan wuraren ba, zai yi ta mamakin me ya sa tarkonsa ke wayi gari fayau. Lokaci ma abin lura ne: a Ostiraliya lokacin zafi yana kamawa ne daga Disamba zuwa Fabrairu, a nan tarko ke ci. Da zarar an yi ruwa guda mai ƙarfi, kududdufai suka cika, tarko ya tashi daga aiki.

Akwai kuma hakkin dabba, wanda nisan wuri ba ya zama uzurin tauye shi. Tarkon da aka ɗana, a duba shi kullum. A tabbata kwamin bai ƙafe ba, akwai inuwa, a ware manyan bunsuraye don kada su tattake ƙanana, a saki kangaru ko jiminar ƙasar da ta faɗa ciki. Haka nan rufe rijiya gaba ɗaya dabara ce mai kyau a filin da aka daina kiwo a cikinsa, amma ba a yin ta kwatsam a tsakiyar zafi alhali dabbobi sun dogara da ita. A fara kwashe su, sannan a kashe famfon. Barin dabba ta mutu da ƙishi zalunci ne, ko da mai ɓarna ce.

Wani kuskuren kuma, dogaro da hanya ɗaya. Tattarawa da babura tana aiki a shimfiɗaɗɗen fili inda awaki suka yi yawa. Amma a irin duwatsun Zuytdorp masu tsayi da ke fuskantar teku, ko kwazazzaban kogin Murchison, babur ba ya zuwa, kare ma yana gajiya. Waɗanda suka kuɓuce sau ɗaya sun koyi darasi, da jin ƙarar inji sai su faɗa kogo. A irin wuraren nan sai harbi daga jirgi mai saukar ungulu, a hannun ƙwararrun da ke da izini. Ba abin daɗin ji ba ne, na sani, amma barinsu ma yana da waɗanda ke biyan farashinsa. A kogunan dutsen nan ne wani ɗan ƙaramin dangin kangaru mai baƙin gefe ke fakewa, awaki kuma suna cinye masa abinci su ƙwace masa mafaka. A Kalbarri an daɗe ana zaton ya ƙare, sai a 2015 masu hawan dutse suka sake ganinsa.

Daga nan sai kuskuren da ya fi ba ni takaici, wato ajiye aiki idan awaki suka yi ƙaranci. Ganinsu ya yi wuya, kuɗin nemo kowace ɗaya ya ninka, sai a ce ai sun ƙare. A tsibirin Pinta na Galapagos, can cikin tekun Pasifik, awaki uku kacal aka saki a 1959, kafin shekara ashirin sun zama dubun dubata. Maganin 'yan ragowar nan yana cikin halin akuyar kanta: ba ta iya zaman kaɗaici. Sai a kama guda, a ɗaura mata abin wuya mai aika sigina, a sake ta. Duk inda 'yan'uwanta suka ɓuya za ta nemo su, maharba su bi siginar, su bar ta da rai ta sake nemo wasu. Da irin wannan akuya mai tona asiri aka kammala aikin tsibirin Dirk Hartog da ke Shark Bay, wanda aka yi kiwon tumaki a kansa fiye da shekara ɗari kafin ya zama gandun daji na ƙasa a 2009. An tabbatar da ƙarewar tumaki a 2016, ta awaki a 2017, bayan an kawar da fiye da 10,000 daga cikinsu.

Sai dai tsibiri teku ce shingensa. Mai fili a kan tudu ba shi da wannan gatan, shi ya sa yin aiki shi kaɗai ɓata kuɗi ne. Wayar da ke tsare tumaki akuya ba ta ɗauke ta a bakin komai ba, ta ƙarƙashi za ta bi ko ta tsallake. Ka share filinka a wannan wata, na maƙwabci su cike gurbin a wata mai zuwa. Maƙwabta su haɗa rana, su haɗa kuɗin jirgi, tare da hukumar da ke kula da gandun dajin da ke iyaka da su. Wanda zai kafa shinge kuma ya tuna iskar teku tana cin ƙarfe da tsatsa, kuma shingen da ya tsaya a bakin ruwa, in teku ta janye awaki za su zagaye ƙarshensa ta kan yashi. Gara a dire shi a jikin dutsen da ba ya hawuwa.

Na ƙarshe, ƙidaya awakin da aka kwashe maimakon duban ƙasa. Akuya tana miƙewa da ƙafafun baya ta ci ganye har kusan mita biyu. A filin da suka daɗe, za ka ga itatuwan mulga, dangin bagaruwa, an aske su daga ƙasa a layi guda kamar da almakashi, ɓawon jikinsu a ɗaye, ƙarƙashinsu ba tsiro ko ɗaya da zai gaje su. A tudun yashi kuma, in ciyawar da ke riƙe shi ta tafi, iska ce ke tuƙa shi cikin makiyaya. Mai filin da ya kwashe awaki 2,000 ya zuba tumaki a gurbinsu a makon, bakin ci kawai ya sauya. Kangaru ma suna cikin lissafi, don su ma ruwan kwami ya ƙara musu yawa. A hutar da wurin har a samu ruwa mai kyau, tsirrai su yi iri su zubar. Don sanin ko ana ci gaba, a kafa turken ƙarfe a wurare kaɗan, kusa da ruwa da nesa da shi, a ɗauki hoto daga kowanne, ana fuskantar gefe guda, a cikin watan da aka tsayar, kowace shekara. A kuma kewaye ɗan fili da wayar da ba abin da ke shiga. Idan bayan shekara biyu ko uku 'yan mulga sun kai gwiwa a cikin kewayen, waje kuwa ƙasa ce tsirara, to har yanzu bakunan da ke filin sun fi ƙarfinsa, sai a koma bakin ruwa a duba sawun wa ya fi yawa.