Yadda Ake Gane Kuskuren Bugu a Jikin Tsofaffin Kwabbai

Idan ka tsinci kwabo mai huji a adakar kaka, ko ka yi dace da shi wajen masu kayan da a Kasuwar Barci, abu na farko: kada ka wanke shi. Toka, lemon tsami da soson ƙarfe suna cinye fuskar kwabo, su tafi da alamar da kake nema. Na ga sulalla da yawa da aka lalata haka a nan Kaduna, abin yana ci mini rai.

Ka shimfiɗa ƙyalle mai laushi kusa da taga da hantsi, ka riƙe kwabon ta gefe. Gilashin masu gyaran agogo, mai ƙara girma sau 10, ya wadatar.

Fara da shekara da harafin gidan bugu. A kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Turawa, H na nufin gidan Heaton da ke Birmingham, KN kuma King's Norton. Wannan ba kuskure ba ne. Haka ma sunan Sarkin Ingila Edward VIII a kwabo, dari da aninin 1936, da gangan aka buga shi.

Sai ka karkata kwabon haske ya bi ta kansa. A nan aikin yake. Hatimin ƙarfen da ake bugu da shi yakan tsage in ya tsufa, ƙarfen kwabon ya shiga tsagar, sai ka ga siririn layi ya taso sama kamar jijiya. Layin da ya nutse ciki kuwa ƙarzuwa ce daga baya, ba ruwan gidan bugu. Wanda ya riƙe wannan bambanci ba a cika cutarsa a ciniki ba. Duba haruffa ma: wani lokaci za ka ga kamar kowane harafi da inuwarsa, alamar bugu ya ninku.

Huji yana son natsuwa. Wanda ya kauce daga tsakiyar tauraron da ke jikin kwabon tun daga gidan bugu, bakinsa sumul yake, girmansa daidai da na 'yan'uwansa. Amma iyayenmu mata sun sha huda sisi da sule don ado, kuma irin wannan hujin za ka ga bakinsa ya yi kaushi ko ya turo ƙarfe waje.

Daga nan ka juya shi tare da wani irinsa da aka buga a shekara ɗaya da shi, ka ga ko bayansu ya fuskanci wuri guda. In kana shakka, kai shi wajen masu gwal su ɗora a sikeli, ka kwatanta nauyin biyun.

Kada ka raina taro da fataka na 1959, ko kobo na 1973 da suka zo da naira. Su ma ana samun irin wannan a jikinsu. Kowanne ka sa shi a 'yar ambulan ta takarda shi kaɗai, ka rubuta abin da ka gani a bayanta, ka ajiye inda danshin damina ba zai kai ba.