Yadda na gyara kyamarar da ke mutuwa idan na juya ta tsaye

Na ɗaura wa kyamarata Canon 60D mariƙin batir na BG-E9, wato ƙarin mariƙi da ake ɗaurawa a ƙasan kyamara, wanda ke cin batir LP-E6 guda biyu, saboda aikin biki ba ya jiran caji. Ranar wani kamu, duk lokacin da na juya ta tsaye don ɗaukar amarya, sai ta mutu. Raina ya ɓaci sosai, don irin wannan hoto ba a maimaita shi.

Na fara zargin baturan, na saka kowanne shi kaɗai, lafiya lau. Da dare na kwance mariƙin. Ashe ƙurar hunturu ta taru a kan ƙananan ƙarafunan da ke saman sandar da ke shiga ramin batir, kuma ban ɗaure dunƙulen da ke riƙe mariƙin ba sosai, wato sukurun da ke shiga ramin tirayifod (abin ɗora kyamara mai ƙafa uku) a ƙasan kyamarar. Nauyin lens sai ya ɗan raba mariƙin da kyamarar, wuta ta yanke.

Na jiƙa auduga da sifirit kaɗan, na goge ƙarafunan, na bari suka bushe, sannan na murɗa dunƙulen har ya daina motsi. Yanzu kafin kowane aiki nakan taɓa shi da babban yatsa, in duba makunnin gefe yana kan ON, don idan a kashe yake, maɓallin ɗauka na tsaye ba ya aiki.